Minti 40 ɗin da aka yi mini alkawari

Ranar da aka sauke injin busar da kaya a ƙofar gidanmu a Ali Ɗan Sofo, sai da yaran maƙwabta suka taru. Wani ya ce firigo ne, wani ya ce injin wanki muka ƙaro. Inna, mahaifiyar maigidana, tana bisa tabarma tana tsinkar zogale. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Wannan kuma na mi ne?" Da aka gaya mata aikinsa busar da wanki, sai ta dubi sama, ta dubi ɗanta, ta ce, "A Maraɗi? Rana ta mutu ne ba a hwaɗa mini ba?"

Ban ga laifinta ba. Garin da za ka shanya zane ka shiga ɗaki ka yi salla, ka fito ka iske ya bushe ƙarau, wa zai ce ana neman inji?

Sai dai bara a watan Yuli na haifi 'yan biyu, tsakiyar damina. Duk wadda ta yi jego a watan Agusta ta san abin da nake nufi. Kush na tsumma, zannuwan goyo, majanyi, shimfiɗar gado, tawul, kullum baho biyu ko uku. Ka shanya da safe, kafin azahar hadari ya haɗo daga gabas, a ruga a kwashe. A ja igiya daga taga zuwa ƙusar bango a cikin falo, a kunna fanka, kaya su kwana su wuni ba su bushe ba, su ɗauki wannan warin danshi da ko turaren wuta ba ya kashe shi. Akwai daren da na goge kush shida da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya, ba don su yi kyau ba, don kawai su bushe.

Baban 'yan biyu yana da aboki a Amurka da suke waya duk Lahadi. Shi ne ya ce masa su can ba su san igiya ba, ka zuba kaya a inji, minti 40 ka kwashe abinka da ɗumi. Wannan minti 40 ɗin ya shiga kan maigida. Bayan sati biyu sai ga inji, na hannu, irin kayan Turai da ake kawowa a kwantena, da 'yar tsatsa a gindi da rubutun Faransanci a goshi.

Ranar farko, muna kunna shi kwantar wutar gidan ta yanke. Mai gyaran firigo da muka kira ya leƙa takardar da ke manne a bayansa ya ce wat 2,500 yake ja, wato a wutarmu ta 220 ya haura amfiya 11 shi kaɗai. Dole in zai yi aiki a kashe firigo, kar kuma wani ya kuskura ya jona dutsen guga. Muka yi hakan. Na zuba kayan da na matse da hannu, na rufe, na danna. Sai lamba ta fito a ɗan gilashinsa: 2:10. Maigida ya ce ƙila agogo ne ba a saita ba. Ba agogo ba ne. Awa biyu da minti goma yake nufi, kuma ko wannan bai cika alkawari ba, don sai da ya kusa awa uku kafin ya tsaya. Inna ba ta ce komai ba, dariya kawai ta yi ta shige ɗaki.

Ni malamar lissafi ce a wata kwaleji, kuma hutun haihuwa ya haɗu da babban hutu, hannuna na ƙaiƙayi. Na ɗauko tsohon kaye, na aro ma'aunin rataye wurin maƙwabciyata mai sayar da kayan miya a buhu, na fara rubuta komai. Kaya kilo nawa ne a bushe, kilo nawa bayan wanki, minti nawa inji ya ci.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne tankin ruwan. Namu injin ba ya da bututun da ke fitar da tururi waje. Yana hura iska mai zafi cikin kaya, iskar ta kwashi danshi, ya bi da ita ta wani wuri mai sanyi, tururin ya koma ruwa ya taru a wani dogon tanki da ake zarowa kamar aljihun tebur. Kenan mafi yawan ruwan da ke jikin wankinka za ka gan shi da idonka. Na riƙa juye shi a robar ruwa mai lita ɗaya da rabi ina ƙirgawa.

Kayan auduga kilo 4 a bushe, in na wanke na matse da hannu iya ƙarfina, sai su hau ma'auni su nuna kilo 9. Lita biyar na ruwa kenan na miƙa wa inji na ce ya ƙone mini. Kuma ruwa ba ya tashi a banza. Kowace lita ɗaya, kafin ta zama tururi, tana neman ƙarfin wuta da ya kai kashi biyu bisa uku na kilowat-awa (ma'aunin da ake lissafin kuɗin wuta da shi), wannan dokar Allah ce, babu kamfanin da ya iya rage ta. In ka haɗa da zafin da ke ɓacewa ta jikin ƙarfe da na juya gangar, abin ya doshi kilowat-awa ɗaya a kowace lita. To ka raba lita biyar da injin da ke jan kilowat biyu da rabi, wanda kuma yake kunnawa yana kashewa don kar ya ƙona kaya. Awa biyu da ɗoriya ta fito da kanta. Injin bai yi ƙarya ba, ni ce na ba shi kogi.

Muna da injin wanki irin mai baki biyu, gefe guda na wanki, gefe guda na matsewa. Na matsewar ya lalace tun kafin in haihu, muka bar shi don muna ganin hannu ma ya isa. Da na ga lissafin nan na sa aka gyara shi, jika uku da ɗan canji. Kayan nan dai kilo 4, bayan minti biyar suna juyawa a ciki, sai suka nuna kilo 6 da ɗan kai. Lita biyu da ɗan abu maimakon biyar. Na zuba su a injin busarwa, awa ɗaya da kwata ya gama. Minti biyar na ƙaramin injin matsewa mai ɗan cin wuta ya cire abin da zafi ke shan fiye da awa guda yana fama da shi. Daga baya na karanta cewa a Turai, lokacin da masu ƙera injin ke rubutawa a littafinsa, sun gina shi ne a kan kayan da injin wanki ya matse da juyi 1,000 a minti, wanda ke barin ruwa kamar kashi 60 cikin ɗari na nauyin kayan. Mai juyi 1,400 yana barin kusan rabin nauyin kayan. Babu wanda ya yi lissafi da hannun mai jego.

Shi kuwa abokin na Amurka, shi ma bai yi ƙarya ba. Injinansu daban ne. Manya ne, suna da layin wuta nasu na 240, suna jan wat wajen 5,000, ninki biyun namu, wasu ma da gas suke aiki, kuma tururin ta bututu yake fita waje kai tsaye, ba a tsayawa mayar da shi ruwa. Minti 40 zuwa awa ɗaya gaskiya ne a can. Akwai kuma iri na uku da yanzu ya cika Turai, wanda ke aiki kamar firigo da aka juya, zafinsa bai wuce digiri 50 da wani abu ba. Wannan bai cin rabin wutar da namu ke ci, amma in an cika shi sai ya yi awa biyu da rabi zuwa uku, wani lokaci fiye. Duk wanda zai saya, ya fara tambayar wane iri ne kafin ya tambayi kuɗi.

Ga abin da kayena ya nuna cikin watanni biyu, duk bayan an matse da inji. Kush da 'yan rigunan jarirai, in ba a cika ba, minti 45 zuwa 55. Tawul huɗu manya, awa ɗaya da rabi. Wandunan jins na ƙanen maigida, nan ma awa ɗaya da rabi, kuma sai ka iske bakin aljihu da ƙugu da sauran sanyi. Hijabi da kayan roba-roba, minti 25. Zanen gado shi ne mai ban haushi: yana naɗe ƙananan kaya a cikinsa ya dunƙule kamar ƙullin goro, waje ya bushe, ciki jagab. Sai an tsayar an warware a tsakiya. Bargo sau ɗaya na gwada, ban sake ba.

Lambar da ke fitowa a gilashi kuma kar ka ɗaura aure da ita. Hasashe ce kawai. A cikin gangar, kusa da baki, akwai 'yan ƙarafa biyu siraran da kaya ke gogawa suna wucewa, da su injin ke jin ko da sauran danshi. Sai ya fara da 2:10, bayan minti goma ya dawo 1:30, ko ya maƙale a minti 12 har ka gaji da leƙe. In ka haɗa tawul da hijabi, masu saurin bushewa ne ke yawan taɓa ƙarafan, sai ya ɗauka an gama ya tsaya, tawul na nan da ruwansa. Minti goma na ƙarshe ma ba zafi yake bayarwa ba, iska ce mai sanyi don kaya su huce. In kaya na guga ne, akwai wurin da aka rubuta "prêt à repasser", yana tsayawa da ɗan danshi, ka rage kusan minti 20, gugar ma ta fi kwanciya.

Abu biyu ne suka riƙa ƙara mini lokaci ban sani ba. Na farko rariyar da ke bakin ƙofa, wadda ke tare ɓurɓushin zare. Sati guda na yi ban san ana buɗe ta ba. Da na buɗe, abin da na ciro ya isa a cusa ƙaramin matashi. Iska ba ta wucewa, in iska ba ta wuce ba zafi kaɗai ba ya busar da komai, kuma wannan audugar ita ce ke kama wuta. Yanzu duk zubi sai na share ta. Can ƙasa kuma akwai wani akwati mai faranti-faranti inda tururin ke komawa ruwa, shi ma ana zaro shi a wanke duk wata, a garinmu mai ƙura ma gara duk sati biyu. Na biyu ƙarfin wuta. Da magariba, lokacin da kowa ya kunna nasa, wutar unguwarmu takan yi ƙasa. Ƙarfen da ke ba da zafi kuwa ba daidai-wa-daida yake raguwa ba: in 220 ta sauka zuwa 190, kashi ɗaya bisa huɗu na zafin ya tafi. Abin da zai yi awa ɗaya da hantsi sai ya yi awa ɗaya da rabi da dare. Balle a ɗauke wutar yana tsakiyar aiki, ka dawo ka iske kaya sun dahu cikin tururinsu.

Kuɗi fa? In aka ɗauki kilowat-awa a sefa 100 don sauƙin lissafi, zubi ɗaya na kayan da aka matse da inji bai wuce dala hamsin zuwa sittin ba, wato sefa 250 zuwa 300. Na matsen hannu ya kai dala ɗari. Sau biyu a rana, wata guda, maigida ya ga bambancin a takardar wuta, ya yi shiru don shi ya sayo.

Akwai kayan da ba sa shiga ko da wasa. Shaddar Baban 'yan biyu tana nan kan tsarinta: wanki, sitaci, igiya, sannan wurin masu bugu. Zafi da juyi suna kashe mata ƙyalli. Wata rigar atamfata da na saka don gaggawa ta fito ta ɗage, hannun ya matse, na ba ƙanwata. Tun daga nan nake duba 'yar takardar wuyan riga, in akwai murabba'i da da'ira a ciki an soke shi, ba ta shiga. Tsummokaran kicin da suka sha man gyaɗa ma ba na sakawa, ko an wanke, don mai da ya saura a zare yana iya kamawa in ya sha zafi. Na faɗa wa maƙwabciyata mai tuyar ƙuli-ƙuli ranar da ta zo roƙon in busar mata da zanen aikinta, ta ɗauka rowa ce.

Da Oktoba ta shigo ruwa ya ɗauke, na rufe injin da tsohon zane, aka fara ɗora masa kwanuka. A hunturu na buɗe shi 'yan lokuta saboda fararen kaya, don ƙura kan mayar da su ja kafin su bushe a waje. Suna fitowa suna ƙyas-ƙyas suna manne wa juna, har da ɗan tartsatsi in ka raba su a duhu.

A watan Afrilu ne na yi gwajin da na daɗe ina so. Ƙarfe ɗaya na rana, zafi ya haura digiri 40. Na raba wanki gida biyu daidai a ma'auni, rabi a inji, rabi a igiya. Injin yana cikin sito mai rufin kwano, kuma da iskar ɗakin yake sanyaya tururinsa, to ina sanyin yake? Masu ƙera irin waɗannan injinan ma sukan rubuta kar ɗakin ya wuce digiri 35. Ya yi ta gurnani, siton ya koma kamar gidan burodi, ya ci awa ɗaya da minti 20 a kan kayan da ya saba gamawa a ƙasa da awa. Na igiya kuwa na taɓa su a minti 30 da sauran sanyi a bakin ɗinki, na koma a minti 40 sun bushe har suna ƙara in an lanƙwasa.

Na kwaso su a kafaɗa na kai wa maigida yana kwance a zaure yana fifita, na ce, "Baban 'yan biyu, ga minti 40 ɗin abokinka, yau na same su." Inna daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Ɗiyata, rubuta wannan ma cikin kayen naki."

Na rubuta. Injin yana nan a rufe da zanensa, sai Agusta in Allah ya kai mu.