Ɗaurewar jijiyar ƙafa da tsakar dare

Duk wanda jijiya ta taɓa ɗaure masa a sha-raɓa yana tsaka da bacci ya san ba abin wasa bane, kawai sai kaji naman wajen ya dunƙule yayi tauri kamar dutse, ko motsa ƙafar baka iyawa. Wani lokaci ƴan daƙiƙu ne, wani lokaci ta kai minti 10 kafin ta saki, kuma tsamin sai ya wuni a jikinka. Mahaifiyata tana fama da shi, na sha ganinta zaune bakin gado ta riƙe ƙafa da hannu biyu ko magana bata iya yi, shi yasa abin yake damuna.

Yafi kama waɗanda shekaru suka ja da kuma masu ciki, musamman in cikin ya tsufa. Galibi ba wata cuta bace a ƙasa. In mutum ya kwanta tafin ƙafa yakan lanƙwasa ƙasa, naman sha-raɓa ya gajarce, to a haka yake saurin ƙagewa, balle in an wuni a tsaye ko an daɗe a zaune ko an yi ta zufa ba'a sha ruwa ba. Amma akwai wanda mutane basa lura da shi, wato magunguna. Maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari yana iya jawo shi, haka statin na rage kitse a jini. Ciwon suga, ciwon ƙoda da na hanta suma suna kawo shi. Don Allah kar wanda ya daina shan maganinsa da kansa fa, a faɗa wa likita ya duba.

In ta kama ka kar ka naɗe ƙafar. Miƙe ta sosai ka jawo yatsun zuwa wajen ƙaurinka ka riƙe, da farko zafin ƙaruwa yake amma a hankali zakaji tana saki, in hannu baya kaiwa saƙala tawul a tafin ƙafar ka ja. Ko ka tashi ka taka da dunduniya, sannan a murza wajen a gasa da ruwan ɗumi. Kafin kwanciya kuma ka dafa bango, ƙafa ɗaya a baya dunduniya a ƙasa, ka karkata gaba har kaji sha-raɓar ta ja, sai ka canza ƙafa. Bargo ma kar ya danne yatsu.

Abin da nake roƙo shine a bar kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro ɗin nan da wasu suke sha don ɗaurewar jijiya. A 2010 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ja kunne kan shansa saboda wannan matsalar, don yana iya rage ƙwayoyin da suke tsayar da jini har mutum yayi ta zubar jini, yana kuma taɓa bugun zuciya. Ƙwayar magnesiyum kuwa da ake ta yabo, bincike bai nuna tana yi wa tsofaffi wani amfani sosai ba.

In kuma ƙafa ɗaya ta kumbura tayi zafi ko tayi ja kuma ciwon yaƙi tafiya, wannan kam ba'a murzawa, yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, asibiti za'a tafi a ranar.