Abin da noman sitiroberi ya koya mini a Vom

Sitiroberi ɗan sanyi ne, shi ya sa a Najeriya ya fi samun wurin zama a tsaunin Jos, inda ƙasa ta yi tudu har kusan mita 1,200. Ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom, a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, shi ya yi suna da shi. Ni ɗan lambu ne, kabeji da karas na gada. Da na ga maƙwabtanmu Birom suna samu daga 'yan kunyoyi kaɗan abin da ba na samu a rabin gonata, sai na karɓi hayar fili kusa da wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika, na sayi yaɗo a wajensu.

Ba a shuka ƙwayarsa. Uwar ce ke miƙa yaɗo da damina, kowane yaɗo ya kafa saiwa, a yanke a dasa idan ruwa ya kusa ɗaukewa. Sai takin kaji, sai busasshiyar ciyawa a ƙarƙashi don kada 'ya'yan su taɓa ƙasa. Da hunturu ya kankama ja ya fara bayyana, a yi ta tsinka har zafin Maris da Afirilu ya taso. A shekarun farko masu saro daga Abuja har bakin gona suke zuwa, su biya nan take. Kowa a layinmu ya cire kabeji ya sa sitiroberi.

Daga nan kaya ya fi masu saye yawa, kuma kayan ba ya jira. Abin da ka tsinka da asuba, in babu ɗakin sanyi, kafin jibi ya yi laushi, farar fumfuna ta hau shi. Mai saro ya san haka. Yana iya tsayawa ya ce, "Malam, ko ka bar mini a haka ko ka mayar gida," kuma ya san ba inda za ka kai shi. Dankalin turawa sai ka ajiye a buhu ka jira farashi. Wannan kuwa ko kwana biyu ba ya ba ka.

Akwai wata ɓarna da ba ta da hayaniya. Muna ta cire yaɗo daga uwa ɗaya shekara bayan shekara, cuta tana bin iri, 'ya'yan suna ƙanƙancewa, ganye yana nannaɗewa. Da yawa sun ɗauka taki ne ya yi kaɗan, suka ƙara kashe kuɗi a banza. Iri ne ya gaji, kuma sabo mai lafiya yana da tsada da wuyar samu.

Shekarar 2023 ce ta karya yawancinmu. Ƙarancin takardun naira ya faɗo a Janairu da Fabrairu, daidai tsakiyar tsinka, masu tallar bakin titi suka rasa mai riƙe da tsabar kuɗi. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, alhali da injin fetur muke jawo ruwa daga ramin. Da rani ya zagayo, kunyoyi da yawa a layinmu sun koma kabeji.

Waɗanda suka tsaya, na lura, su ne masu lambar wayar otal ko kanti a Abuja da Legas, masu tsinka da sanyin safiya su jera a ƙananan robobi su tura ranar, wasu ta filin jirgin saman Jos da ke Heipang. Ni ma na rage zuwa kunyoyin da na san mai sayensu tun kafin dashe, ina sauya iri, ragowar da ta yi laushi kuma matata tana dafawa da sukari ta sayar wa masu burodi.