Kafin In Kira Dutse Burbushin Halitta

Tun da na fara bin kwazazzabai da tsofaffin wuraren fasa dutse ina neman burbushin halittun da suka zama dutse, abin da na fi tsinta shi ne duwatsu masu kama da halitta alhali ba su taɓa yin rai ba. Shi ya sa yanzu ba na fara duba siffa. Ina fara tambayar wane irin dutse ne a hannuna. Kusan duk burbushin gaske ana samunsa ne a duwatsun da suka taru daga laka da yashi da ƙasan ruwa, masu shimfiɗa hawa-hawa, kamar dutsen farar ƙasa da dutsen yashi. Idan giranayit ne, wanda ya daskare daga narkakken dutse, komai kyan zanen da ke jikinsa sai in ajiye shi, don babu gawar da za ta tsira a wannan zafi.

Wanda ya fi ruɗar ido shi ne baƙin zane mai rassa da masana ke kira dendirayit. Na taɓa ɓare wani fallen farin dutse, sai ga ƙaramar bishiya kwance a ciki, da reshe da 'yan rassa, kai ka rantse ganye ne. Na sa gilashi mai ƙara girma sau 10 na bi ta a hankali. Babu kara, babu jijiyar tsakiya, babu gefen ganye. Rassan sai tsagewa suke ta yi, kuma dukkansu daga bakin tsagar dutsen suka taso. Ruwa ne mai ɗauke da ma'adinin manganis ya bi tsagar ya bar sawunsa. Ganyen gaske yana barin kauri ko shatar da yatsa zai ji, jijiyoyinsa kuma a tsare suke dama da hagu. A dutsen Solnhofen na Jamus, mai kimanin shekaru miliyan 150, inda aka samo burbushin wani tsohon tsuntsu mai suna Archaeopteryx, irin wannan zane yakan kewaye burbushin gaske a falle guda.

Sai curin dutse mai kama da ƙwai. Ma'adini ne ke taruwa a kewayen wani ɗan abu har ya dunƙule. Ƙwan gaske yana da ɓawo siriri mai kauri ɗaya ko'ina, da 'yan ƙofofin shan iska. Wani curin kuma yana tsattsagewa, ma'adini ya cike tsagun, ya fito kamar bayan kunkuru.

Ƙashi ne na fi jin daɗin tantancewa. A inda ya karye nake dubawa: bayansa sumul, cikinsa kuwa ramuka ne ƙanana kamar soso. Idan na jiƙa yatsa na danna wurin, yakan ɗan kama. Wannan gwaji yana taimakawa, amma ba na yanke hukunci da shi kaɗai, domin wani ƙashin ma'adini ya riga ya toshe ramukansa. A bawon halittun ruwa kuma maimaituwa nake nema: layukan girma a jere, haƙarƙari masu tazara daidai. Amonayit, wasu halittun teku da suka ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, nannaɗaɗɗen bawonsu a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, kuma mahaɗar ɗakunan na barin lanƙwasassun layuka da zaizayar ruwa ba ta iya ƙirƙirowa.

Ruɗin nan ya kama manya ma. A 1865 masanin duwatsu John William Dawson ya raɗa wa wani zane a duwatsun Kanada suna Eozoon canadense, yana ganin halitta mafi tsufa ce. Sai a 1894 aka ga irinsa a duwatsun da aman wuta ya watso a yankin Vesuvius na Italiya, aka tabbatar aikin zafi da ma'adini ne.

Idan abu ya tsallake duk waɗannan gwaje-gwaje, nakan ɗauki hotonsa a inda yake kwance, da ma'auni a gefensa, in rubuta shimfiɗar da ya fito. Idan babban ƙashi ne ba na tono shi, masana nake sanar wa, don da zarar an raba shi da shimfiɗarsa, gano shekarunsa ya zama aiki mai wuya.