Sunan shago, sirrin yaji da rubutun jikin leda

Masu soya kaza a unguwannin Nima da Mamobi da Madina Zongo na yankin Accra a Ghana sukan haɗa abu uku wuri ɗaya alhali kowanne hanyarsa daban: sunan da ke kan allon shago, haɗin garin da ake turbuɗa kazar a ciki, da rubutun da ke jikin leda in an fara sayar da garin a kanti. Wanda bai raba su ba, ko ya yi asarar suna, ko ya tona asirinsa da hannunsa, ko ya cutar da mai saye.

A fara da suna. Takardar rajistar kasuwanci da mutum ya karɓo ba ta ba shi mallakar tambari ba, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Tambari yana ƙarƙashin dokar 2004 mai lamba 664, wadda aka yi wa gyara a 2014, kuma a ofishin Rajistara Janar da ke Accra ake shigar da shi. Da farko a sa a bincika ko wani ya riga ka. Sai a miƙa takarda da hoton tambarin, a duba, a buga shi a mujallar ofishin domin mai ƙorafi ya fito. In ba a samu ba, kariyar shekara 10 ce, ana sabuntawa. Sai dai tambari rukuni-rukuni ne: gidan abinci yana rukuni na 43, naman kaza yana na 29, fulawa da kayan yaji suna na 30. Hajiyar da ta yi rajista a 43 kawai, ranar da ta fara ɗura garinta a leda, ba ta da tabbacin kariya a kan wannan ledar.

Suna irin "Kaza Mai Daɗi" da wuya ya shiga, don siffanta kayan kawai ya yi, kowa na da haƙƙin faɗin haka. Mafi muni shi ne haruffa uku masu ƙarewa da FC, a kan ja da fari, da hoton dattijo mai gemu, irin na KFC, kamfanin soyayyiyar kaza na Amurka. KFC na Ghana tun 2011, lokacin da suka buɗe a titin Oxford da ke Osu. Kwaikwayonsu kashe kuɗin allo da kwali ne a kan abin da wata rana wasiƙar lauya za ta sa a sauke.

To, haɗin garin fa? Tambari ba ya kare shi ko kaɗan. Kanar Harland Sanders, wanda ya kafa KFC, ya kammala haɗinsa na ganyaye da kayan ƙamshi 11 wajen 1940 a garin Corbin na jihar Kentucky a Amurka, kuma ba a taɓa yi wa haɗin rajistar ƙirƙira ba. Dalili a fili yake: wannan rajistar tana tilasta ka rubuta komai kowa ya karanta, bayan shekara 20 kuma ya zama na jama'a. Shiru ne ke tsare shi. A Ghana dokar 2000 mai lamba 589 tana kare bayanin sirri na kasuwanci, amma sai in an ga mai shi ya ɗauki matakin ɓoye shi. Saboda haka a auna kayan ƙamshin a gida, a kawo shago a ƙulle, awo ɗaya na kilo ɗaya na fulawa. Yaron shago ya zuba ya gauraya kawai. Wanda dole ya san ma'aunin, ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Kada a kai kayan duka injin niƙa ɗaya a rana ɗaya. Mai inji yana da ido da hanci.

Kazar da aka soya aka miƙa wa mai saye da shito, wato soyayyen barkonon Ghana, ba ta buƙatar jerin kayan haɗi, izinin tsafta na FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, take buƙata. Amma da zarar an liƙe gari a leda an ajiye a kanti, sai an yi wa kayan rajista da FDA bisa dokar lafiyar jama'a ta 2012, rubutun kuma ya bi ƙa'idar 1992 mai lamba L.I. 1541. Da Turanci za a rubuta: sunan kaya, nauyi, ranar haɗawa da ta ƙarewar amfani, lambar zubi, suna da adireshin mai haɗawa, ƙasar da aka yi shi, da jerin kayan haɗi daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta.

Ga kilo ɗaya a kan sikeli: fulawa giram 750, sitacin masara 120, gishiri 50, madarar gari 30, barkono 15, citta 10, tafarnuwa 10, farin magi 10, masoro 5. Haka za su jeru a leda. Ƙa'idar abinci ta duniya, wato Codex, ta yarda a taƙaita da "kayan ƙamshi" kawai in ba su wuce kashi 2 cikin 100 na nauyi ba, wato giram 20 a kilo. A nan sun kai 40, don haka a ambaci kowanne da sunansa. Wannan bai kamata ya tsorata kowa ba, tunda ba a nemi ka rubuta giram nawa ba. Duk Zongo an san ana sa citta da masoro. Abin da ba a sani ba shi ne nawa, da tsawon jiƙa kazar, da zafin mai. Farin magi kuwa ba kayan ƙamshi ba ne, mai ƙara ɗanɗano ne, lambarsa 621, dole ya fito shi kaɗai.

Inda nake roƙon 'yan uwa da babbar murya shi ne kayan da jikin wasu ba ya ɗauka: alkama, madara, ƙwai, gyaɗa, waken suya, kifi da jatan lande. Waɗannan ba sa shiga inuwar sirri, komai ƙanƙantarsu. Da yawa cikinmu muna barbaɗa yajin cincinga, wato tsire, a kan kaza, yajin nan kuwa ƙuli-ƙuli ne gindinsa. Yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba, cokali ɗaya na iya kumbura masa leɓe da maƙogwaro har numfashi ya gagara cikin mintuna. Shito ma yawanci da busasshen kifi da jatan lande ake yin sa. A rubuta su ɓaro-ɓaro a leda, a shago kuma a manna ƙaramar takarda kusa da kaskon suya, a koya wa yara amsar da za su bayar in uwa ta tambaya ko akwai gyaɗa a ciki.