Kogin da ke cikin kwamfuta da kogin da ya ci shinkafar kawuna

A daminar 2020, lokacin da ruwa ya malale fadamar Argungu ya shanye shinkafar da ta riga ta fara fidda kai, ina tsaye tare da kawuna a kan tudu muna hangen inda gonarsa take, ba a ganin komai sai kawunan giginya. Da yake ya san cewa aikin injiniya na ɓangaren ruwa na karanta, sai ya tambaye ni, tunda ana cewa kwamfuta tana iya faɗin abin da kogi zai yi, me ya hana a gaya masa tun da wuri cewa ruwan zai kai gonarsa. Ban ba shi amsa mai gamsarwa a ranar ba, kuma tun daga lokacin tambayar ba ta bar ni ba.

Abin da injiniyoyi ke kira samfurin lissafi na kogi ba wani siddabaru ba ne. Ana yanka kogin da fadamarsa gida-gida a cikin kwamfuta, kamar yadda manomi ke yanka gonar shinkafa fangali-fangali, sannan a ɗora wa kowane gida dokoki biyu. Ta farko ita ce ruwa ba ya ɓacewa: abin da ya shiga gida, ko dai ya fita zuwa na maƙwabta, ko ya taru ya ƙara zurfi. Ta biyu ita ce ruwa yana gangarawa ne gwargwadon karkatar ƙasa, yayin da yashi da ciyawa da duk abin da ya ci karo da shi suke rage masa gudu. Wani masani ɗan Faransa, Saint-Venant, shi ya tsara waɗannan dokoki a lissafi tun 1871. Aikin kwamfuta shi ne ta maimaita lissafin ga dubban gidaje, daƙiƙa bayan daƙiƙa, har a ga inda ruwan zai kai bayan kwana uku ko biyar. Da irin wannan dabarar ce ake gwada ƙarfin gada kafin a zuba kankare, da ita kuma ake hasashen yanayi.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin wannan fanni shi ne na Lewis Fry Richardson, Baturen Ingila da ya yi aikin tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a Faransa lokacin yaƙin duniya na ɗaya. A tsakanin wannan aiki ya zauna da alƙalami da takarda ya lissafa yanayin awa shida kacal na ranar 20 ga Mayu 1910, lissafin da ya ci masa kusan mako shida. Sakamakon ya fito da kuskure babba, domin ya nuna cewa nauyin iska zai canza da miliba 145 (miliba ma'aunin nauyin iska ne) cikin awa shidan, abin da ba ya faruwa a duniya. Duk da haka ya wallafa aikin a 1922 tare da kuskuren. Da masana suka sake duba lissafinsa shekaru da yawa daga baya, sai suka tarar cewa hanyarsa daidai take, matsalar ta taso ne daga alƙaluman awon da ya fara da su. Sai a 1950 aka yi nasarar hasashen farko da kwamfutar ENIAC a Amurka, inda hasashen awa 24 ya ci kusan awa 24 na aiki.

Ciwon Richardson shi ne namu a Kebbi. Ruwan da ke cin fadamarmu daga wurare da dama yake zuwa. Akwai na Gulbin Rima da ke biyowa ta madatsar Goronyo, akwai na Gulbin Sakkwato da ke biyowa ta madatsar Bakolori a Zamfara, sannan Gulbin Zamfara da Gulbin Ka su ƙara nasu kafin duka su faɗa Kogin Neja. Shi kansa Neja sau biyu yake cika a shekara: farin ruwa mai laka na daminar yankinmu, wanda ke zuwa tsakanin Agusta da Oktoba, da baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ya iso mana cikin sanyin hunturu. Daga ƙasa kuma tafkin Kainji yana tokare ruwan wajen Yawuri. Duk samfurin da bai san yawan ruwan da aka saki daga madatsa ba, da ranar da aka sake shi, da abin da ma'aunin tsayin ruwa na Jidere Bode ya nuna inda Neja ke shigowa Najeriya, to lissafinsa zai tafi daidai a kan alƙaluman da ba daidai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shimfiɗar ƙasa. Yawancin ɗalibanmu suna ɗauko taswirar tudu da kwari ta kyauta daga intanet, wadda aka auna daga sararin samaniya a shekarar 2000, kowane gida nata mita 30 ne, kuskurenta a tsayi kuwa yana iya kai mita da yawa. A ƙasa mai duwatsu wannan ba ya ɓata aiki sosai. A fadamar Kebbi, inda rabin mita ke raba gonar da ta tsira da wadda ta nutse, irin wannan taswira ba ta ganin ɗan bangon ƙasa da manoma suka tayar, ba ta ganin titin da aka ɗaga ya tare hanyar ruwa. Haka ma lambar da ke nuna yadda ƙasa ke rage wa ruwa gudu, wadda ake kira da sunan Robert Manning: a kogi mai yashi tana kusan 0.03, a fadama mai duhuwar ciyawa tana iya kai 0.1. Na sha ganin an kwafo ta daga littafi ba tare da an taka wurin ba, kuma ina ganin wannan sakaci ne da ya kamata malamai su daina amincewa da shi, ko da hoton da ya fito a allon kwamfuta ya yi kyau.

Kayan aikin ba su ne ke da wuya ba. Manhajar lissafin kogi ta HEC-RAS, wadda injiniyoyin sojan Amurka suka ƙirƙira, kyauta ake sauke ta, kuma ƙaramar kwamfuta tana iya tafiyar da ita. Ɗalibi a jami'ar Aliero ko ta Birnin Kebbi zai iya koyonta cikin zango ɗaya. Abin da ba a saukewa daga intanet shi ne gwajin gaskiya, wato a sa samfurin ya maimaita ambaliyar da ta riga ta faru, a kwatanta da inda ruwa ya tsaya a zahiri, a yi ta gyara har su dace. Wannan shaidar tana jikin bangon masallatai da rumbuna da kututturan itatuwa, tana kuma bakin manoma da masunta da sarakunan ruwa, waɗanda ke tuna shekarar da ruwa ya kai ƙugu da shekarar da ya tsaya a gwiwa.

Shi ya sa da rani na koma wurin kawuna da na'urar awon tsayi da littafi. Ya zagaya da ni gindin tsamiya da giginya, yana nuna mini layin lakar 2020, yana kiran maƙwabtansa su tabbatar ko su gyara masa. Na rubuta kowane wuri da tsayinsa da ranar da suka ce ruwan ya kai shi. Da na sa alƙaluman a samfurina, ya nuna gonarsa a bushe, alhali na gan ta da idona a ƙarƙashin ruwa. Yanzu ina bin wata tsohuwar hanyar ruwa da ya nuna mini a bayan gari, wadda babu ita a taswirar, ina auna zurfinta da faɗinta domin in shigar da ita.