Godiya daga gidan marigayiya Inna

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki.

A madadin ƴaƴa, jikoki da tattaɓa-kunnen kakarmu, wadda kowa a unguwar Birni yake kira Inna, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga ranar da Allah ya karɓi abinsa har zuwa sadakar bakwai.

Inna ta haura shekara 90 a duniya. Zamanin mulkin Faransa aka haife ta, kuma lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960 tana ɗakin mijinta da goyo a baya. Ta ga farin 1973, ta ga yunwar 1984. A zaman makokin nan wani dattijo ya taso tun daga Tanut don ya yi mana gaisuwa. Ya ce a waccan yunwar ta biyu shi da mahaifiyarsa a zauren gidanmu suka fake, Inna tana dama musu kunu safe da yamma da ɗan geron da ya rage mata a buhu. Wallahi ba ta taɓa ba mu wannan labari ba, sai a bakinsa muka ji, kowa yana share hawaye. Baba, Allah ya saka maka da alheri.

Duk ɗan Damagaram ya san wahalar ruwa a garin nan. Amma randarta ta bakin zaure ba ta kwana a bushe, ko da sai ta kwance bakin zane ta sayi jarka wurin ɗan ga-ruwa. Almajiri ko mai tallan itace, ba ya neman izini kafin ya ɗauki moɗa.

Mun gode wa liman da malaman da suka yi mata saukar Alƙur'ani, da samarin da suka haƙa kabari cikin tsakar rana. Iyayenmu mata na unguwa, ku kuka riƙe murhu, ba ku bari baƙo ko ɗaya ya tashi da yunwa ba. Bakinmu ya yi kaɗan wajen gode muku. Haka dangi na Miriya, Magarya, Maraɗi, Yamai da Kano, da waɗanda suka bugo waya daga Agadas, Allah ya bar zumunci.

Duk mai bin ta bashi, ko wanda ya ba ta ajiya, don Allah ya zo gida ya same mu. Wanda ta saɓa wa kuma, muna roƙo ya yafe mata.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta, mu kuma ya kyautata namu zuwan. Amin.