Mai cikin fari ba ta faɗin ciwonta

Aikin ungozoma a ƙaramin asibiti a Jihar Gombe ya koya mini cewa hawan jinin masu ciki ba ya yin sallama. Mace za ta zo awo da ƙafarta, tana hira da 'yan'uwanta a layi, a ɗaura mata abin awo a damtse sai ga 150 bisa 100. A tambaye ta, ta ce lafiyarta ƙalau, kuma ba ƙarya ta yi ba. A makaranta an koya mana ƙa'idar: idan ciki ya wuce mako 20, jini ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, aka sake aunawa bai sauka ba, gwajin fitsari kuma ya nuna furotin, to firi-eklamsiya ce. Daga mabiyiya ciwon ke tasowa, jijiyoyin da ke kai mata jini ne ba su buɗe yadda ya kamata ba. In an ƙyale shi sai ya taɓa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa, ya tauye girman ɗan da ke ciki, ƙarshenta a wayi gari da jijjiga, wato taune-taune.

Littafi ya lissafa waɗanda ciwon ya fi kamawa: mai cikin fari, mai tagwaye, mai ciwon suga ko na ƙoda, mai hawan jini tun asali, da wadda ta taɓa yi a wani cikin. A bakin aiki na gane cewa ta farkon nan ita ce wadda kunya ta ɗaure wa baki. Yarinya ce sabuwar aure, tana ɓoye cikin da hijabi har ya kai wata shida ko bakwai kafin a kawo ta awo. A lokacin an riga an yi asarar wata dama, domin ƙaramin asfirin da likita ke rubuta wa masu haɗari ya fi amfani idan an fara shi kafin ciki ya kai mako 20. Daga nan kuma a tafi da ita goyon ciki gidan iyayenta a wani gari, katin awo yana can ɗakin miji cikin akwati. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga mai ciki sau 8 kafin haihuwa. Wannan yarinyar da ƙyar a gan ta sau biyu.

Shi ya sa na daina tambayar “ina ke miki ciwo?” a gaban surukarta. Sai in ce, “Inna, ki ɗan ba mu wuri mu gama awo.” In kama hannun yarinyar in duba zobe, ko ya nutse a yatsa, in dubi fatar ido, ko ta yi suntum. Kumburin ƙafa kaɗai ba ya tayar mini da hankali, yawancin masu ciki na yi, na fuska da hannu ne abin tsoro. Sannan in bi ta ɗaya bayan ɗaya: kanki na sara? Kina gani dishi-dishi ko walƙiya-walƙiya? Nan ƙarƙashin haƙarƙarin dama fa? Ba za ta yi magana ba, kai kawai za ta gyaɗa. Sau da yawa ciwon nan na saman ciki an riga an kira shi gyambon ciki, an sayo magani a kemis.

Bayan haka sai in kira Inna da maigidan, domin a hannunsu shawara take. Ina ce masa, “Malam, ka ajiye lambar mai mota da kuɗin mai tun yau.” Ina gaya musu idan ta fara jijjiga a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, domin huhu zai wuce. Ba na jayayya da mai cewa iska ce. Abin da nake roƙo shi ne a yi addu'ar a cikin mota, ana tafiya.

Maganin jijjiga yana nan, kuma ba shi da tsada: allurar magnesiyam salfet. Kafin mu tura mace Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, muna yi mata giram 14, wato 4 ta jijiya sannu a hankali, 5-5 a kowane ɗuwawu. Da aka shigar da allurar nan asibitocin Jihar Kano a 2008, mace-macen masu wannan ciwo ya sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Amma allura tare jijjiga kawai take yi. Ciwon ba ya kama hanyar tafiya sai an raba mace da cikin, ko da bai isa haihuwa ba, kuma shawo kan dangi su yarda da allurar naƙuda ko tiyata yakan fi komai cin lokaci.

Wurin da na fi jin tsoro yanzu shi ne bayan haihuwa. Kowa ya saki jiki, ana barka, alhali jini na iya hawa a kwanakin farko, wani lokaci har wajen arba'in. Ga kunun kanwa safe da yamma, kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ta da ciwon zuciyar masu jego. Nakan lallaɓi kaka ta dama kunun gyaɗa ko na tsamiya a maimakonsa, kuma yawanci sukan yarda idan an yi musu magana da ladabi. Duk wadda jininta ya hau muna so mu sake auna ta a rana ta 3, da kuma kafin suna. Tun da mai jego ba ta fita a wannan makon, mu muke saka abin awo a jaka mu bi ta gida.